Damuwar leburorin gonakin Jazira

Tun da aka gama madatsar ruwan Sinnar a 1925 Hausawa ke tsinkar auduga a Jazira ta Sudan, da yawansu a kambo, wato sansanin leburori, ba gonar kansu. Rikicin ƙabilanci na 2022 ya kori dubbai daga Damazin da Rusairis, yaƙi kuma ya auka wa Wad Madani a Disambar 2023. Yau leburan da ya binne ɗansa ana jiransa a gona da asuba, ba mai tambayarsa ko yana samun barci. Irin wannan damuwa cuta ce, tana da magani. A da, likitan ƙwaƙwalwa Dakta Tijjani Al-Mahi ya haɗa kai da malamai wajen jinyar masu taɓin hankali. Hukumar Jazira, limamai da sarakunanmu na Maiwurno, ku bi sawunsa, ku kai likitoci har cikin kambo.