Musa Ma Ya Nemi Jagora

Yau za mu yi magana a kan tuƙin mota cikin hamada.

Wanda ya tashi daga Agadas za shi Bilma, garin gishiri, tafiyar fiye da kilomita 500 ce a gabansa cikin Tenere, ba kwalta, ba gidan mai. Itace guda ɗaya da matafiya suke gane hanya da shi ma, wata babbar mota ta buge shi a 1973, aka kai shi gidan tarihi a Yamai, aka kafa na ƙarfe a gurbinsa.

Tsofaffin direbobi sukan rage iskar taya kafin su shiga rairayi mai laushi, domin taya ta yi faɗi. In mota ta kafe, sabon direba yakan yi ta taka totur, tayoyi suna haƙa rami har cikin motar ya zauna a ƙasa. Wanda ya saba kuwa sai ya kashe mota, a sauka, a ɗauki shebur, a shimfiɗa faranti na ƙarfe a gaban taya, kowa ya sa hannu a tura. Ba ya kuma tashi sai da ruwa isasshe da mutumin da ya san rijiyoyi. Wurin ba na wasa ba ne. A watan Oktoba na 2013 an tsinci gawa 92 arewa da Arlit, yawancinsu mata da yara. Motocinsu suka lalace, ƙishirwa ta kashe su.

To, mu masu bi mukan ce, "Allah zai kiyaye," mu kama hanya. Gaskiya ne, yana kiyayewa. Amma mu duba Littafin Ƙidaya, sura 10. Girgijen Ubangiji yana bisa jama'ar Isra'ila, duk da haka Musa ya roƙi Hobab, surukinsa Bamadayane, kada ya rabu da su, gama ya san wuraren zango a jeji. Ba mu ga inda Ubangiji ya tsauta wa Musa a kan wannan ba.

Samarinmu da yawa suna shirin Libiya ko Aljeriya neman kuɗi, wani ma ba ya faɗa wa fasto. Iyaye, kafin mu ɗora wa yaro hannu mu yi addu'a, mu zaunar da shi mu tambaye shi: motoci nawa ne za su tafi tare? Jarkar ruwa nawa? Wane ne jagora, sau nawa kuma ya bi wannan hanya ya komo?