Jawabi ga Iyaye kan Ɗakin Shari'ar Iyali



Idan ana shari'ar riƙon yaro, alƙali yakan so ya ji ta bakinsa. Sashe na 12 na yarjejeniyar haƙƙin yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1989 ya ba yaro wannan haƙƙi. Amma yaron da ya tsere wa harbe-harbe, da ya ga bango fayau da baƙin fuskoki sai ya yi gum, a yanke makomarsa ba a ji shi ba.

Shi ya sa za mu ƙawata ɗakin da zanen 'ya'yanmu: shanu, kasuwa, bishiyar kuka. Yaro in ya ga abin da ya sani, hankalinsa ya kwanta, bakinsa ya buɗe.

Ku turo su ranar Asabar, mun tanadi takarda da fensir. Kada a sa suna a jikin zanen.

Allah ya raya mana su.