Yaron Riƙo da 'Yar Talla: Jawabi a Taron Wata na Ƙungiya

Shugaba, iyayenmu malamai, dattawa, da iyaye mata da ke saurare daga can baya, ina gaisuwa. Ni ba malami ba ne, ɗan kasuwa ne, karatuna bai wuce na Islamiyya ba. In na yi tuntuɓen harshe a gyara mini.

Shekarun baya akwai wani yaro da ke yi mana dako a kasuwar Muda Lawal, bai fi shekara goma ba. Kawunsa ne ya ɗauko shi riƙo daga garinsu. Wata rana zai ɗaga buhu, rigarsa ta ɗage, sai na ga bayansa duk shatar bulala, wata ta warke wata ɗanya. Na ce, "Kai yaro, me ya same ka?" Ya ce faɗuwa ya yi. Na san ƙarya ce, amma kawun nan tare muke sallah, sai kunya ta kama ni. Na ba yaron kuɗin abinci, na ja bakina. Bayan wata biyu aka neme shi aka rasa. Har yau ban san inda yake ba, kuma wallahi abin bai bar raina ba.

Jama'a, mu nan yawancinmu iyayenmu fatauci ne ya kawo su Bauchi, daga Kano, Katsina, Daura da sauransu. A can gida, in ka zalunci ɗan riƙo, kakarsa na bayan katanga, goggonsa za ta ji kafin magariba. Nan kuwa wa zai ji? Dangin yaro suna nesa, sai dai waya, wayar ma a hannun wanda ke dukansa take. To ashe aikin kaka da goggo ya dawo kanmu.

Ga kuma 'yan talla. Ku bi ta Wunti ko bakin tasha bayan isha, ku ga 'yan mata ƙanana da faranti a ka. Ba na zagin iyayensu mata. Da yawa zawarawa ne ko matan da mazansu suka rasu, ribar tallan nan ita ce tuwon dare. Ka ce mata ta daina ba tare da ka ba ta wata hanya ba, ai ba ka yi komai ba. Amma kowa a nan ya san irin mutanen da ke cewa yarinya ta shigo shago ta karɓi canji.

In abin ya faru kuma, sai mu ce a rufa asiri. Asirin wa ake rufawa? Na wanda ya aikata. Likitoci sun ce yaron da aka yi wa fyaɗe a kai shi asibiti cikin awa 72, domin a lokacin ne maganin kariya daga ƙanjamau ke aiki, kuma kada a wanke tufafinsa, shaida ne. Kwana ukun nan mu kuwa a zaure muke cinye su, muna sasanci.

Doka ma ba ta bar mu haka ba. Tarayya ta yi dokar haƙƙin yara tun 2003. Jiharmu ta yi dokar hana cin zarafin mutane a 2020, sannan a ƙarshen 2023 Gwamna Bala Mohammed ya sa hannu a dokar kare yara. Akwai hukumar marayu da yara marasa galihu ta jiha, wato BASOVCA, UNICEF na da ofishi a garin nan, ga 'yan'uwa mata na FOMWAN. Sai dai ba ɗayansu da ke kwana a lungunmu. Kukan da ke fitowa daga gidan maƙwabci da tsakar dare, mu ke jin sa.

Don haka ga roƙona. A zaɓi mutum biyar, biyu daga ciki mata, domin akwai maganar da yarinya ba za ta taɓa faɗa wa namiji ba. Su san kowane gida da ke da maraya ko ɗan riƙo, su riƙa leƙawa da sunan gaisuwa. Tarbiyyar da ta wuce kima a je da liman a yi nasiha. Amma fyaɗe, ƙona yaro ko karya shi, wannan ba na zaure ba ne, asibiti ne da 'yan sanda, ko da ɗan wane ne.

Sai asusu. Kowane mai shago ya ajiye abin da ya sawwaƙa duk Juma'a, a ba uwar marayu jari ta yi sana'a a cikin gida, da sharaɗin yarinya ta ajiye faranti kafin magariba, ta kuma je makaranta. Mu da ke ɗaukar almajirai aiki ma, a san sunan malaminsu da inda suke kwana.

Na riga na ba ma'aji nawa kason na wata uku. Takardar sunaye tana wurin sakatare, mai son shiga kwamitin ya same shi kafin a tashi.