Sa Ido A Kan Ƙararrakin Da Antoni Janar Na Jiha Yake Shigarwa Da Sunanmu

Jawabin da aka gabatar a taron wayar da kai na ƙungiya



Abin da aka ba mu mu yi magana a kansa yau shi ne ofishin Antoni Janar na jiha, wato Babban Lauyan Gwamnati kuma Kwamishinan Shari'a, da ƙararrakin da yake shigarwa kotu, da kuma yadda Majalisar Dokoki da mu talakawa za mu iya sa masa ido. Wani zai ce ina ruwan mai sayar da albasa ko mai dako da Antoni Janar? To, akwai ruwansa. Duk ƙarar da wannan ofishi ya shigar, da sunan mutanen jihar yake shigar da ita, da kuɗin harajinsu kuma ake biyan lauyoyi. Mu da muke zaune nan, muke biyan kuɗin rumfa da na tikiti kullum safiya, muna cikin mutanen jihar. Sashe na 41 na Tsarin Mulkin 1999 ya ba kowane ɗan Nijeriya ikon zama duk inda ya ga dama a ƙasar nan, sashe na 42 kuma ya hana a nuna masa bambanci saboda ƙabilarsa ko addininsa ko inda ya fito.

Da farko bari mu san mutumin. Sashe na 195 ya ce kowace jiha za ta kasance da Antoni Janar, kuma dole ya zama lauya wanda ya kai shekara 10 da samun izinin aikin lauya. Gwamna ne yake zaɓo shi, amma kamar sauran kwamishinoni, sai Majalisar Dokokin Jiha ta amince kafin ya kama aiki, kamar yadda sashe na 192 ya tanada. Ke nan mutum ɗaya ne da hula biyu: lauyan jama'a ne, kuma ɗan majalisar zartarwar gwamna ne. A nan matsalar take, domin ba kullum ne abin da gwamna yake so ya zo daidai da abin da zai amfani jama'a ba.

Ƙararrakinsa iri biyu ne. Na farko su ne waɗanda jiha take kai Gwamnatin Tarayya ko wata jiha. Irin waɗannan kai tsaye Kotun Ƙoli ake kai su, bisa sashe na 232. A shekarar 2004 Antoni Janar na Jihar Legas ya kai ƙarar Gwamnatin Tarayya saboda gwamnatin Obasanjo ta riƙe kuɗin ƙananan hukumomin jihar bayan Legas ta ƙirƙiro sababbi 37. Kotun Ƙoli ta ce Shugaban Ƙasa ba shi da ikon riƙe kuɗin, amma ta ce sababbin ƙananan hukumomin ba su cika ba sai Majalisar Ƙasa ta yi nata aikin.

Misalin da ya fi kusa da aljihunmu shi ne na canjin kuɗi. A watan Fabrairun 2023, lokacin da takardun Naira suka yi ɓatan dabo, kayan gwari suna ruɓewa a kasuwa don babu mai tsabar kuɗin saye, jihohin Kaduna da Kogi da Zamfara suka garzaya Kotun Ƙoli. Legas da Ogun da Ondo da Ekiti da wasu suka bi bayansu, yayin da Edo da Bayelsa suka tsaya ɓangaren Gwamnatin Tarayya. Ranar 3 ga Maris 2023 kotun ta ce tsofaffin takardun N200 da N500 da N1,000 su ci gaba da aiki har ƙarshen shekarar, daga baya a watan Nuwamba ta ƙara wa'adin. Ku lura, jama'a: jihar da kake zaune tana iya tsayawa a ɓangaren da zai taimake ka, tana kuma iya tsayawa a ɗaya ɓangaren, ba tare da an tambaye ka ba.

Ba talaka kaɗai ake tsallakewa ba. A shekarar 2024 Jihar Kogi da wasu jihohi suka ƙalubalanci halascin dokar da ta kafa hukumar EFCC. A watan Oktoba na shekarar, Gwamna Hyacinth Alia na Binuwai ya dakatar da Antoni Janar ɗinsa, yana mai cewa ya shigar da jihar cikin ƙarar ba da saninsa ba. Wasu jihohin suka janye, kuma ranar 15 ga Nuwamba Kotun Ƙoli ta kori ƙarar. In har gwamna zai ce bai san da ƙarar da aka shigar da sunan jiharsa ba, ina ga ɗan majalisa, balle mu?

Iri na biyu, wanda ya fi taɓa gidajenmu, shi ne shari'ar laifuka. Sashe na 211 ya ba Antoni Janar iko uku a kan laifukan da dokar jiha ta tanada: ya shigar da ƙara, ya karɓi wadda wani ya fara ya ci gaba da ita, ko ya janye ta kafin a yanke hukunci. A ƙarƙashinsa ne ofishin Daraktan Gabatar da Ƙararraki, wanda aka fi sani da DPP, yake duba fayil ɗin 'yan sanda ya ba da shawara ko a gurfanar da mutum ko a sake shi. Duk lokacin da aka yi rikicin kasuwa, ko aka yi kamen kan mai uwa da wabi a unguwanninmu, a wannan tebur fayil yake ƙarewa. Yaron da aka tsare a gidan yari ana cewa "ana jiran shawarar DPP", wannan ofishi yake jira. Haka nan wanda aka kama da hannu a ƙone mana dukiya, wannan ofishi ne zai iya janye ƙararsa.

Sashen ya ce Antoni Janar ya yi la'akari da maslahar jama'a, da adalci, da hana wasa da shari'a. Amma a shekarar 1983, a shari'ar Ilori wadda ta taso daga Legas, Kotun Ƙoli ta ce in ya janye ƙara, kotu ba za ta tuhume shi a kan dalilinsa ba. Abin da zai taka masa birki shi ne wanda ya naɗa shi, da kuma bakin jama'a. Saboda haka idan muka yi shiru, majalisa ta yi shiru, babu sauran mai tambaya.

To, me majalisa za ta iya yi? Na ɗaya, ita ke tantance shi tun farko. Na biyu, ita ke amincewa da kasafin kuɗin Ma'aikatar Shari'a, har da kuɗin da ake biyan lauyoyin waje da ake ɗauka haya. Na uku, sashe na 128 ya ba ta ikon binciken kowace ma'aikata da take kashe kuɗin da ta ware, domin gyara doka ko tona asirin cin hanci, sakaci da almubazzaranci. Sashe na 129 kuma ya ba ta ikon kiran kowane mutum a Nijeriya ya zo ya ba da bayani ko ya kawo takardu. Sai dai mu san iyakarta. Majalisa ba kotu ba ce, ba za ta umarci alƙali ba, ba kuma za ta ce wa Antoni Janar ya gurfanar da wane ko ya saki wane ba. Abin da za ta iya shi ne ta tambaye shi a bainar jama'a: ƙara nawa ka shigar, nawa aka kashe, nawa ka janye, fayil nawa ke jira a ofishinka?

Mu kuma ga namu. Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba kowa ikon rubuta wa ma'aikatar gwamnati ya nemi bayani, ba tare da ya faɗi dalilinsa ba, kuma ma'aikatar tana da kwana 7 ta amsa. An daɗe jihohi suna cewa dokar ta tarayya ce kawai, amma a watan Afrilun 2025, a wata shari'a daga Jihar Edo, Kotun Ƙoli ta ce ta shafi jihohi ma. Ba za a ba mu sirrin da ke tsakanin lauya da wanda yake wakilta ba, amma lissafin ƙararraki da na kuɗi muna iya nema. Bugu da ƙari, sashe na 36 ya ce a yi shari'a a fili, don haka babu mai hana mu zama a kotu mu saurara. Sashe na 35 ya ce wanda yake tsare, in wata 2 ya wuce ba a yi masa shari'a ba, a sake shi ko da da sharaɗi, ban da wanda ake zargi da laifin da hukuncinsa kisa ne.

Saboda haka muna ba da shawarwari guda biyar.

Na ɗaya, ƙungiya ta naɗa kwamitin mutum uku masu iya karatu da rubutu, su buɗe littafi: sunan duk wani namu da ke tsare, ranar kamu, kotun da aka kai shi, lambar ƙara, da ranar komawa. Koke marar lamba da kwanan wata, kwandon shara yake ƙarewa.

Na biyu, duk fayil ɗin da ya daɗe, a rubuta wa Antoni Janar, a aika wa DPP kofe, a karɓi hatimin karɓa a kan namu kofen. Wanda ba shi da halin ɗaukar lauya a kai shi Hukumar Ba Da Agajin Shari'a ta Ƙasa, a Legas kuma akwai Ofishin Lauyan Talakawa na jiha.

Na uku, in ba a amsa ba, a kai takardar koke majalisa ta hannun ɗan majalisar mazaɓar da muke zaune, domin ta isa kwamitin koke-koken jama'a. Wakilinmu ne ko ba yarenmu ɗaya ba.

Na huɗu, mu haɗa kai da 'yan gari da sauran ƙabilu mu nemi majalisa ta yi dokar da za ta wajabta wa Antoni Janar ya kawo rahoto kowace shekara a kan ƙararrakin da ya shigar da waɗanda ya janye. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma Bayarabe da Inyamurin da ke tsare suna jiran DPP damuwarsu ɗaya da tamu.

Na biyar, katin zaɓe. Da yawa daga cikinmu shekara 20 muna nan, amma katinmu na can ƙauye. Ɗan majalisa ya san akwatin da ke kawo masa ƙuri'a, kuma shi yake saurara. A je ofishin INEC a mayar da rajista nan.

Kafin mu rufe, akwai gargaɗi. Sa ido ba neman alfarma ba ne. Idan namu ya yi laifi, kada mu bi dare mu roƙi a janye ƙararsa, domin ƙofar da muka buɗe yau, ta nan za a fitar da wanda ya cuce mu gobe. Abin da muke nema shi ne ma'auni ɗaya ga ɗan gari da baƙo, a yi shari'a a kan lokaci, kuma a gaya wa jama'a abin da ake yi da sunansu.

Duk wanda yake da ɗan uwa a tsare ya tsaya bayan taro ya ba sakatare bayaninsa, ya zo da duk takardar da ke hannunsa. Allah Ya ba mu zaman lafiya da maƙwabtanmu, Ya kare mu daga sharrin zalunci.