Ɗiyanmu Su San Maƙwabta

Kafin a buɗe akwatin zubi ina da 'yar magana.

Rannan ɗiyata ta dawo daga firamare tana yi wa wata 'yar ajinsu dariya, wai daga Konni ta zo, ba ta jin Turanci sai "bonjur". Na ce mata, ke, kakarki ma daga can aka auro ta. Turawan Ingila da Faransa ne suka shata iyakar nan.

Wannan asusun namu ma, a yankin Maradi aka faro shi a 1991, da sunan Mata Masu Dubara. Kun kuma tuna 2023 da aka rufe iyaka, kasuwar Illela ta yi sanyi, har zubi ya gagari wasunmu. Ɗiyanmu ne za su ci wannan kasuwa gobe.

Ga shawarata: mu taɓa asusun taimako mu saya wa makarantarmu ta Darna Sabon Gari taswirar Afirka. Mu roƙi hedimasta, duk wata ɗayarmu ta shiga aji, ta nuna wa yara sefa da naira, ta ba su labarin Konni, Tawa da Agadas.

To, me kuka gani?