Man Kariya Daga Rana da Fatar Mutanen Indiya: Sinadarai, Aminci da Dacewa

 Jigon da aka ba ni shi ne man da ake shafawa don kare fata daga rana: sinadaran da ke cikinsa, amincinsu, da dacewarsu da fatar mutanen Indiya. Indiya ƙasa ce mai mutum sama da biliyan 1.4, yawancinsu daga wankan tarwaɗa zuwa baƙi, suna rayuwa ƙarƙashin rana mai tsanani, alhali mafi yawan binciken da aka yi kan wannan mai a kan fatar Turawa aka yi shi. Matsayina shi ne: ya kamata a auna man kariya da irin ɓarnar da rana ke yi wa wannan fata ta musamman, kuma in aka yi haka za a ga sinadaran da hukumomi suka amince da su amfaninsu ya rinjayi abin da ake tsoro, haɗarin gaske kuwa yana cikin wasu kwalabe ne dabam.

Mu fara da fatar kanta. A 1975 likitan fata na Amurka Thomas Fitzpatrick ya fito da ma'aunin da daga baya ya kasa fatar ɗan Adam gida shida, gwargwadon saurin ƙonewa ko yin duhu a rana. Yawancin Indiyawa suna rukuni na huɗu da na biyar. Melanin, sinadarin da ke ba fatarsu launi, garkuwa ce: wani bincike na 1979 ya ƙiyasta cewa saman baƙar fata na ba da kariya daidai da ta mai mai lambar SPF 13, farar fata kuwa ɗan sama da 3. Shi ya sa sankarar fata ba ta da yawa a Indiya in aka kwatanta da Ostareliya. Sai dai ƙwayoyin da ke samar da melanin masu saurin harzuƙa ne. Cikin abubuwan da ke yawan kai Indiyawa wurin likitan fata akwai melasma, wato duhun da ke shimfiɗuwa a kumatu da goshi da saman leɓe, musamman ga mata masu juna biyu. Da baƙin tabon da ƙurjin fuska ke bari, wanda kan yi watanni bayan ƙurjin ya mutu. Da ƙananan ƙuraje masu ƙaiƙayi da ke fesowa a hannu da wuya bayan shiga rana. Duk waɗannan rana na rura su.

Wane ɓangare na hasken rana ne ke wannan aiki? Hasken UVB shi ke ƙona fata, kuma shi lambar SPF ke aunawa: SPF 15 na tare kusan kashi 93 cikin ɗari, SPF 30 kashi 97, SPF 50 kashi 98. Hasken UVA kuwa ya fi nutsawa cikin fata, yana ratsa gajimaren damina da gilashin taga, kuma yana da babban hannu a duhun fata da tsufanta. Akwai na uku, hasken da ido ke gani. Wani bincike da aka buga a 2010 ya nuna wannan haske na jawo duhu mai daɗewa a fatar rukuni na huɗu zuwa na shida, bai kuwa yi haka ga farar fata ba. Saboda haka Ba'indiyen da ya bi babbar lambar SPF kaɗai ya sayi maganin matsalar da ba ita ta fi damunsa ba. Abin da ya kamata ya duba shi ne alamar PA, ma'aunin UVA da aka samo daga Japan, inda PA+++ ko PA++++ ke nuna kariya mai ƙarfi.

Sinadaran kariya gida biyu ne. Na ma'adini su ne zinki oksayid da taitaniyam dayoksayid. An daɗe ana cewa suna mayar da haske baya ne, amma awo ya nuna yawancin hasken shanye shi suke yi, kamar takwarorinsu. Zinki na rufe UVA da UVB, ba ya cika tayar da ƙaiƙayi, ya kuma dace da yara da masu juna biyu. Aibinsa ga fata mai duhu a fili yake: fuska ta yi furu-furu kamar an barbaɗa toka, in gumin Mumbai ko Cennai ya karyo sai farin ya taru a gefen hanci da cikin gira, mai shi ya wanke, gobe ya ƙi shafawa. Gida na biyu su ne waɗanda ake haɗawa a masana'anta. Abobenzon na tare UVA amma rana na lalata shi in ba a haɗa shi da mai tallafa masa irin oktokirilin ba. Oktinozet da homosalet na tare UVB. Akwai kuma sababbi irin bemotirizinol, wanda ake sayarwa da sunan Tinosorb S, da aka daɗe ana amfani da shi a Turai da Asiya, ana kuma samunsa a Indiya: ba ya saurin lalacewa a rana, kuma girman ƙwayarsa na hana shi ratsa fata sosai. Hasken da ido ke gani kuwa ayon oksayid ne ke tare shi, sinadarin da ke ba mai launin fata. Gwajin da aka yi a Meziko a 2014 da na Faransa a 2015 sun nuna masu melasma sun fi samun sauƙi da mai mai ɗauke da shi. Ga fatar Indiya wannan riba biyu ce, domin launin na ɓoye farin zinki.

Yanzu ga masu ja. Na farko zai ce sinadaran nan suna shiga jini. Gaskiya ne. A 2019 da 2020 masana na hukumar abinci da magunguna ta Amurka sun buga bincike biyu a mujallar JAMA, na farko da mutum 24, na biyu da 48, suka ga abobenzon da oksibenzon da oktokirilin da wasu sun wuce nanogiram 0.5 a kowace mililita ta jini. Amma wannan lamba iyaka ce da in aka wuce ta ake buƙatar ƙarin gwaji, ba ita ce shaidar cutarwa ba, kuma hukumar da kanta ta ce kada mutane su daina shafawa. An kuma shafa wa mutanen man ne a kashi 75 cikin ɗari na jiki, alhali mace mai sanye da sari ko namiji mai dogon wando fuska da wuya da hannu kawai yake shafawa. Zargin cewa oksibenzon na taɓa sinadaran haihuwa ya samo asali ne daga ɓerayen da aka ciyar da shi da yawa a 2001. Masana sun lissafa a 2011 cewa sai mutum ya yi shekaru gommai, har sama da 200 a wani lissafin, yana shafawa kullum kafin ya kai wannan adadi. Duk da haka taka-tsantsan na da gurbi. A 2022 Tarayyar Turai ta rage oksibenzon zuwa kashi 6 a man fuska da kashi 2.2 a man jiki, kuma an san yana jawo wa wasu ƙaiƙayi. Haramcin da jihar Hawayi ta sa masa tare da oktinozet daga 2021 saboda murjanin teku ne. Wanda hankalinsa bai kwanta ba yana da mafita mai sauƙi: ya koma ga zinki ko sababbin sinadarai.

Na biyu zai ce Indiyawa da yawa na fama da ƙarancin bitamin D, me zai sa a ƙara tare musu rana? Ƙarancin gaskiya ne, kuma ya yaɗu a birni da ƙauye. Dalilansa sun haɗa da yawan melanin, zaman ofis, suturar da ke rufe jiki, hayaƙin birane irin Delhi, da abincin da ba shi da wannan bitamin. Bitar bincike da aka yi a 2019 ta nuna shafa mai yadda mutane suka saba ba ya yin wani babban tasiri, domin ba kowa ke shafa isasshe ba. Mai mai ƙarfi da ake shafawa kullum a jiki duka na iya rage bitamin ɗin, amma maganin wannan shi ne gwajin jini da ƙwayar bitamin da ingantaccen abinci. Barin fuska mai melasma a rana tsada ce da ba ta zama dole ba.

Na uku, wanda ya fi nauyi, zai ce wannan ciniki ne kawai da ke cin gajiyar son farar fata. Akwai ƙamshin gaskiya a nan. Man Fair & Lovely ya shiga kasuwar Indiya a 1975, sai a 2020 aka sauya masa suna zuwa Glow & Lovely bayan suka mai yawa. Amma a bambanta kare fata da sauya mata launi. A 2014 cibiyar kimiyya da muhalli da ke Delhi ta sami sinadarin makuri a kashi 44 cikin ɗari na mayukan hasken fata da ta gwada. A 2024 likitoci a jihar Kerala sun ba da rahoton ciwon ƙoda da suka danganta da irin waɗannan mayuka. Likitocin fata na ƙasar sun daɗe suna kokawa kan fuskokin da man siteroyid ya lalata: fata ta yi siriri, jijiyoyi su fito ja, ƙuraje su feso, gashi ya tsiro, in aka daina shafawa fuskar ta ɗau zafi. A 2018 gwamnati ta sa mayukan siteroyid 14 cikin jerin magungunan da ba a sayarwa sai da takardar likita. Wadda ta guji zinki oksayid don tsoron sinadari ta rungumi man bilicin da ba a rubuta abin da ke cikinsa ba, ta yi gudun gara ta faɗa gidan zago. Wannan darasi ya shafe mu kai tsaye, domin kasuwanninmu ma cike suke da irin waɗannan mayuka.

Ba kowane Ba'indiye ne ke buƙata iri ɗaya ba. Zabiya, da mai farin tabon da melanin ya ɓace a cikinsa, da mai melasma, da mai shan maganin da ke sa fata jin rana, da mai aiki a tsaunukan Ladak, su ne a sahun gaba. A gare su da sauran masu so, ƙa'idar ita ce SPF 30 zuwa sama, PA+++ ko fiye, mai launi in akwai tabo, kuma mara maiƙo saboda gumi. A shafa isasshe: ana gwada SPF ne da miligiram 2 a kowane murabba'in santimita, kusan layi biyu a tsawon yatsu biyu don fuska da wuya, a kuma sake bayan awa biyu in ana waje. Jariri ƙasa da wata shida inuwa ce kariyarsa. Manomi da direban keke mai ƙafa uku da kuɗinsu bai kai ba, malafa da lema da doguwar riga na yi musu aiki sosai, kamar yadda matan Pune ke naɗe fuska da gyale a kan babur.

Sauran aiki na hukuma ne da jami'a. A Indiya ana kula da man kariya a matsayin kayan kwalliya, ƙarƙashin dokar magunguna da kayan kwalliya ta 1940 da ƙa'idojin 2020. Mai saye ba shi da hanyar tabbatar da lambar da ke jikin kwalba, don haka wajibi ne hukuma ta riƙa ɗauko kaya daga kasuwa tana gwadawa tana bayyana sakamako, a sa alamar kariya daga UVA ta zama tilas, masana kuma su yi gwajinsu a kan fata mai duhu. Ku ɗalibanmu na likitanci da haɗa magunguna, wannan giɓi na jiran ku, domin abin da aka gano kan fatar Indiya zai amfani tamu, abin da kuka gano kan tamu kuma zai amfane su.