Waya A Hannu, Yaro A Zaure

Jawabi ga wakilan ikkilisiyoyin ƙauyukan Dutsin-Ma da Kurfi

Mun san wasunku tun asuba suka kamo hanya.

Maganarmu ta yau a kan yaran da ake bari a gida ne in sauran sun tafi makaranta: makaho, kurma, gurgu, da wanda karatu ke yi wa nauyi. A takardun gwamnati ana ce masu masu buƙata ta musamman. Tun watan Janairu 2019 akwai dokar ƙasa da ta hana nuna masu bambanci, ta kuma ba su 'yancin ilimi. Amma doka ba ta zuwa ƙauye da ƙafarta.

Ku tuna 2020, lokacin da cutar korona ta sa aka rufe makarantu. Jihohi da yawa sun koma ba da darasi ta rediyo. Yaro makaho ya ɗan samu. Kurma fa? Yana zaune gaban akwatin, yana kallon bakin 'yan'uwansa, bai san me ake ciki ba.

Yanzu akwai kayan koyarwa a intanet, da yawa kyauta. A watan Maris 2022 Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya da UNICEF suka buɗe Nigeria Learning Passport, mai darussan firamare da sakandare, wasu ma da Hausa. Wayoyin Android suna da TalkBack, wanda ke karanta wa makaho abin da ke fuskar waya. Ga mai kwamfuta akwai NVDA, wadda makafi biyu 'yan Ostareliya suka soma a 2006, kuma ba a biyan ko kwabo.

A kan kurame za mu ɗan daɗe, don nan ne aka fi yin kuskure. Maganar hannu ba iri ɗaya ba ce a duniya. Ta Ingila daban, ta Amurka daban, ko da yake duka ƙasashen Turanci suke yi. Makarantun kurame na Nijeriya sun fi bin ta Amurka, domin Andrew Foster, baƙar fata ɗan Amurka, shi kansa kurma, shi ya buɗe makaranta a Ibadan a 1960 ya horar da malamai. Ban da wannan, kuramen ƙasar Hausa suna da tasu maganar hannu tun kaka da kakanni. To, in matashi ya shiga YouTube ya sauko da bidiyon Ingila, yaron zai sha wahala ya koya, ran da aka kai shi makarantar kurame ta Malumfashi ya tarar hannun malam na faɗin wani abu dabam. Ku tambayi malaman makarantar tukuna. Kada kuma ku hana yaro alamun da yake yi da uwarsa. Da su ya fara sanin duniya.

Sai maganar sabis. Ba mu manta ba, a watan Satumba 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jiharmu saboda 'yan bindiga, har da Dutsin-Ma da Kurfi, sai wajen ƙarshen shekara aka maido. Don haka kada darasin yaro ya dogara ga sabis. Duk wanda ya shiga gari ya sauko da darasi ya ajiye a memori, a tura wa juna waya zuwa waya. Malamin firamare kuma zai iya karanta littafin aji da Hausa a ɗauki muryarsa. A ganinmu wannan ya fi wa makahon ƙauye amfani da muryar injin da ke zuba Turanci.

Waya dai ba ta maye gurbin makaranta. Makaho yana bukatar rubutun makafi a ƙarƙashin yatsunsa, irin wanda ake koyarwa a Gindiri tun 1953.

Ga roƙonmu. Kowace ikkilisiya ta rubuto mana sunayen irin waɗannan yara na ƙauyenta, namu da na maƙwabtanmu Musulmi, da abin da ke damun kowane. A zaɓi matashi ɗaya mai haƙuri da zai zauna da su sau biyu a mako, Zumuntar Mata kuma ta taimaka da kuɗin caji. Ku kawo takardun a taronmu na wata mai zuwa.